Watan Mai Girma

A wani gari da ake kira Sai-Haƙuri, ni ne shugaban kwamitin duban wata, duk da cewa ba na bambance akuya da tunkiya sai sun yi kuka. An ba ni muƙamin ne saboda ban cika gardama ba.

Wa'adin shugabanmu, Mai Girma Alhaji Zauna-Daram, saura wata guda ya cika. Mata har sun fara tanadin guɗa, maroƙa sun fara koyon kirarin wani. Sai Kwamishinan Harkokin Sama, Malam Gyaɗa-Kai, ya shigo majalisa yana haki.

"Ranka ya daɗe, masana sun gano wani ɗan dutse a sama da ke rakiyar duniya. Bai wuce girman rumbu ba, amma suna ce masa ƙaramin wata."

"To, ina ruwana da dutse?"

"Ranka ya daɗe, shi wannan sai ya shekara kafin ya zagayo sau ɗaya."

Mai Girma ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce dama tsohon watan nan gaggawarsa ta yi yawa, kuma kowane gari na amfani da shi, har garin 'yan adawa. Majalisa ta ce na'am. Kafin azahar an sallami tsohon wata daga aiki, an naɗa dutsen Watan Gwamnati.

Da magariba aka hau da ni kan tankin ruwan gari, wanda dama babu ruwa a cikinsa. Dogarai biyu suka riƙe mini tsani.

"Malam, ka gan shi?"

"Ina?"

Suka ɗan girgiza tsanin.

"Na gan shi! Kai, masha Allah, har ya fi tsohon haske!"

Daga nan komai ya koma bisa doka. Rijiyar burtsatsen da aka ce za a haƙa wata mai zuwa, tana nan wata mai zuwa. 'Yata Ladiyo ta haihu, ofishin rajista suka ƙi jaririn, wai cikin bai kai wata ɗaya ba. Tsohon wata ya ci gaba da fitowa ba izini, aka kama mutum uku da laifin ɗaga kai.

Matata Delu ta ce, "Malam, kai da ka gan shi da idonka, yaushe wannan watan zai mutu mutumin nan ya sauka?"

"Doka ta ce sai ya zagayo."

"To tashi ka tambayo mana."

Na je wurin Malam Gyaɗa-Kai. Na same shi yana zaɓen tayil na sabon gidansa. Ya ja ni gefe, ya ce in rufa masa asiri, akwai ƙarshen bayanin masanan da bai samu damar gaya wa majalisa ba.

Ashe dutsen ba duniya yake zagayawa ba. Rana yake zagayawa, hanya ce kawai ta haɗa mu na ɗan lokaci. Kuma ya rabu da mu tun bara.