Rasuwar Gwaggo, Kurar Dakon Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya kwana ya yi tsami, iyalan tsohon ɗan dako na tashar jirgin ƙasa ta bayan gari suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kurarsu ta dako, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta rasu ranar kasuwa da hantsi, a matakalar sabuwar gadar sama, da kaya a bayanta. Ba tsufa ya kashe ta ba. Za a zo wurin.

Marigayiya ta girmi tashar. Lokacin da aka haɗa ta babu dandamali, babu rumfa. Bishiya ce guda da tulin tsakuwa. Jirgi ya tsaya kamar mai jin kunya, mutane su diro, ya yi gaba. Tsoho, a lokacin gashinsa baƙi gwiwarsa lafiya, ya tsinto katakon da aka cire daga ƙarƙashin dogo, ya samo tayoyin wani mataccen babur, ya kai wa mai walda a gindin bishiyar nan da ke ƙetaren layi. Can aka haife ta.

A gabanta aka kafa rumfar kwano. A gabanta aka huda tagar sayar da tikiti, aka shimfiɗa layi na biyu, gonaki suka koma gidaje, ma'aikata masu sammakon shiga birni suka cika dandamali da ƙamshin turare. Bulon da aka gina ofishin tasha da shi, ita ta kwaso. Agogon da ke bangon ofishin, a bayanta ya shigo, naɗe cikin bargon Tsoho. Ba a rubuta sunanta a allon da ke bakin ƙofa ba. Ba ta nema ba.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa zaɓen kaya ba: buhun albasa, keken ɗinki, katifa, akwatin ɗalibi, rago mai taurin kai. Ta ɗauki mai naƙuda zuwa bakin titi. Ta ɗauki gawa daga jirgi, ranar ko ƙara ba ta yi ba. Abincinta ɗan baƙin mai a gindin taya, shi ke nan. Maganarta biyu ce a duniya. In tana tafe, tayar hagu ta ce ƙyiii, ƙyiii. In tana tsallaka layi, ta ce kwarram, kwarram. Da yamma Inna, matar Tsoho, kan jiyo ta tun daga bakin lungu, sai ta ɗora tukunya, don ta san cefane ya iso.

Da gwiwa ta ƙi Tsoho, babban ɗansa ya gama sakandare, ya zaga gari da takardar shaida har ta yi laushi a aljihu. Wata safiya Tsoho ya tura masa hannun kurar.

"Ungo. Ita ta kai ka makarantar, ba za ta ƙi ka ba."

Ba ta ƙi shi ba. Shi ne mai wannan sanarwa, kuma shi aka bari da gida.

Ciwon ajalinta ya fara ne da abin da aka kira gyara. Don wanda bai san tashar ba: jirgin da ke kawo kayan ƙauye yana tsayawa a dandamalin ƙetare, kasuwa kuma tana wannan ɓangaren. Tsakaninsu akwai mashigi a ƙarshen dandamali, katako shimfiɗe tsakanin layukan dogo, da 'yar ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya rufe in jirgi zai zo, ya buɗe in ya wuce. Tsawon rayuwar Gwaggo ko kaza ba a take a wurin ba.

Sai aka zo da tayil da gilashi da fitilu. Aka ja shinge. Aka ɗaga gadar sama mai matakala kamar za a hau hasumiya, babu gangare ko na taku ɗaya. Wanda ya zana ta ya tuna da mai jaka a hannu, ya manta da mai buhu. Aka sallami mai gadi. Aka ɗaura wa ƙofar mashigi kwaɗo, makullin ya shiga aljihun Manaja.

A nan ya kamata a gabatar da Manaja. Uwarsa 'yar kayan miya ce a kasuwar nan. Kwandunanta Gwaggo ke tsallakawa da su, shi kuma a zaune a saman kaya, majina har baki, yana kaɗa ƙafa yana cewa a ƙara gudu. Tsoho bai taɓa lissafa shi cikin kaya ba.

Shugaban 'yan dako ya je ofishinsa, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ba mu ce a rushe gada ba. A buɗe mana ƙofa in jirgi ya wuce, a rufe in zai zo. Kamar da."

Manaja bai ɗago daga wayarsa ba.

"Baba, tashar zamani ce yanzu. Ku koyi hawa."

Aka koyi hawa. A sauke kaya a gindin gada, a haura da su a ka, a dawo a jawo kura tana bugun kowace matakala da gindi. Gwaggo da ba ta taɓa hawa ko dakali ba ta shiga hawa sama da tsufanta. Muryarta ta canja. Ƙyiii ɗin ya koma gurnani. Ƙarfen da ke riƙe tayoyinta ya tsage, mai walda ya ɗinke, ya sake tsagewa, ya sake ɗinkewa. A zuwa na ƙarshe ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce wa mai ita, "Yaro, ba sauran wurin da wuta za ta kama." Mai ita ya ji. Amma gida na jiran tukunya.

Ranar kasuwa, suna saukowa da albasar wata tsohuwar mai ciniki, a tsakiyar matakala Gwaggo ta ce ƙas. Sau ɗaya. Ta durƙusa. Albasa ta bi matakala kamar an saki makaranta. Tayar hagu ta fice, ta gangara ita kaɗai, ta bi dandamali, ta je ta kwanta a ƙofar ofis. Masu cewa lodi ya yi yawa, ƙarya suke. Ta ɗauki ninkinsa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana waƙa.

Manaja ya fito. Ya dubi tayar, ya dubi gawar, ya dubi saurayin da ke tsaye riƙe da hannun kura babu kura. Ya sunkuya ya shafa gefen matakala.

"Wa ya fasa mini tayil? A kwashe wannan bolar kafin jirgin yamma."

Saurayin yana ajiye da maganar, ba ta ɓata ba.

Marigayiya ta bar Tsoho, wanda da aka faɗa masa ya tambaya, "Ta hagun ce?" Ya juya fuska bango. Ta bar Inna, wadda yanzu sai ta leƙa lungu kafin ta hura wuta. Ta bar ƙannen saurayin mata biyu a makaranta, da igiya, da gwangwanin baƙin mai da ko rabi bai yi ba. Ta bar ƙannenta kuraye da barori na tashar, dukkansu suna fama da ciwo iri ɗaya. Ba ta bar maƙiyi ba. Mai ita ne ya gaji guda.

Game da jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa katako salla, iyalai sun karɓa. Amma 'yan dakon tashar nan suna da ƙa'idarsu tun zamanin bishiya: in ɗayansu ya rasu, kowa ya ajiye gammo, ba mai ɗaga ko ƙullin gishiri sai an rufe shi. An zauna a kan ko Gwaggo tana ciki. Shugaba ya ce duk wanda ya riga ta fara aiki a tashar ya ɗaga hannu ya hana. Ba hannun da ya tashi.

Don haka za a ɗauki gawa ranar kasuwa mai zuwa, daidai shigowar jirgin safe mai kawo kayan miya. Za a binne ta inda aka haife ta, a gindin bishiyar ƙetare. Ba za a haura da ita gada ba. Ba a bi da mamaci ta hannun wanda ya kashe shi. Ta mashigi za ta tsallaka, hanyar da ta sani, kuma ƙofar mashigi a kulle take. Masu makoki za su ajiye ta a bakin ƙofar su zauna. Kowa ya san aljihun da makulli yake.

Ana ba masu kaya haƙuri, ba za su sami ɗan dako ba sai an yi rufi. Mai tambaya ya nufi ofishin Manaja, ƙofa mai gilashi. Mai albasa ta ɗauki nauyin nuna hanya. Ta ce, "Ku bar ni da shi, ni na yi wa uwarsa rakiya ranar sunansa."

Ba a buƙatar gudummawa, ba a buƙatar jawabi. Mai zuwa ya taho da abin zama da ruwan sha. Gawar katako ce da ƙarfe, ba ta wari, za ta iya jira har wata ya mutu.

Tumatir ne ba ya iyawa.