Tamanin a Tsaye

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin bikin Rahila, ko da yake ita amaryar ta ce ta yafe mini, wai ma ta manta. (Ba ta manta ba. Ko shekaranjiya da muka haɗu a kasuwa, kafin ta gaishe ni sai da ta rufe baki da gefen gyale don ɓoye dariya.)

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a nan Keffi. A Tudun Ƙofa aka haife ni, amma da na yi aure sai na kama gida a bakin Sabon Gari. Tun ina ƙarami cutata guda ce: motar tsere. Irin gajeriyar nan mai ƙofa biyu, wadda take kwantawa da ƙasa kamar ƙadangare, in ta wuce sai ka ji rurinta a ƙirjinka. Albashin malami kuwa kowa ya san iyakar gudunsa, saboda haka sai dai kallo a waya.

Ana nan sai muka je gaisuwa Gitata, ni da abokina Bala, malamin labarin ƙasa a makarantarmu. A bayan gidan da muka shiga, ƙarƙashin wata ɗorawa, na hango irin motar nan. Ja ce a da, rana ta mayar da ita kalar goro. Na ɗaga bonet na ga wayam, babu inji, babu giyabos, sai wata kaza kwance a kan ƙwai. Amma bodin nan ko tsaga babu. Na tambayi labarinta. Mai gidan ya ce tun da ubansu ya rasu take nan, in ina so in kwashe musu ita su samu wurin shanya rogo. Sati bai cika ba aka sauke mini ita a tsakar gida daga bayan wata babbar mota. Matata Hajara ta zagaya ta sau ɗaya, ta tambaye ni ko a nan za ta zauna, na ce na ɗan lokaci ne. Ta ce to, ta koma kicin.

Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne Baba Ayuba, mahaifin Rahila. Bakaniki ne tun kafin a haife ni, garejinsa na cikin Sabon Gari, kuma rabin masu gyaran motar garin nan a hannunsa suka koya. Ranar da aka kawo mini inji da giyabos 'yan tokumbo, wato na hannu, daga wajen Mararraba, ya leƙo ya duba su, ya yaba, sannan ya ce in na shirya ɗorawa in yi masa magana ya zo da kayan aiki. Abin da na ce masa har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

"Baba, ka huta abinka. Wannan aikin ilmi ne, kuma ina da bidiyonsa duka a waya."

Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "To, Ticha. Allah ya ba da sa'a."

Rahila kuwa tsohuwar ɗalibata ce, a lokacin an sa ranar aurenta. Ta shigo wurin Hajara karɓar turmi, ta gan ni ina goge fitilar motar, sai ta ce cikin wasa in na gama kafin bikinta motar ce za ta kai ta coci. Mai hankali dariya zai yi ya wuce. Ni sai na miƙe, na dafa ƙirji, na ce alkawari ne. Kafin kwana uku babu wanda ban gaya wa ba: ɗakin malamai, masallacin unguwa, mai shayi, har da mai wankin hula. Rahila ta hana a nemo mata wata motar. Ango ma ya zo har gida ya yi mini godiya.

To, amma a ba ni haƙƙina, na yi aiki. Kullum in na taso makaranta sai in tuɓe in shiga tsohon wando, sai magariba ta raba mu. A ƙasa na fara haɗa giyabos da inji, a kan wata tsohuwar ƙofa da na shimfiɗa. Farantin kuloci sai ya zauna daidai tsakiya kafin giyabos ya yarda ya shiga, ni kuma ba ni da ƙarfen da ake saita shi, sai na yanke mariƙin muciyar Hajara na fere shi da wuƙa. (Ta gane da daddare wajen tuƙa tuwo. Wannan wani labarin ne.) Da giyabos ɗin ya zame ya manne da injin, ya yi ƙas, sai da na yi rawa ni kaɗai a tsakar gida.

Ranar ɗorawa Bala ya zo. Muka aro sarƙar ɗaga kaya, muka rataya ta a reshen mangwaron gidan, muka turo motar ƙarƙashi. Bala na jan sarƙa, ni ina riƙe da injin kamar mai lallashin bijimi. Dole wutsiyar giyabos ta sunkuya ƙasa ta fara shiga ramin da ke ƙarƙashin motar, sannan injin ya biyo a hankali. Sau uku muna saukarwa yana cijewa, muna ɗagawa. Reshen na ƙara, ganye na zubo mana, Bala na salati yana cewa shi dai iyalinsa ƙanana ne. A na huɗu na shiga ƙasa na tallafe wutsiyar da jak, na ce ya sake kaɗan, ya ƙara kaɗan, sai kawai injin ya zauna a kan kujerunsa, ramukan kusoshi suka haɗu kamar da su aka haife shi. Muka rungume juna da baƙin mai da komai.

Sauran satin ya tafi a kan lagireto, salansa, bututun mai da wayoyi. Wayoyin nan sun kusa haukata ni, sai da na manna wa kowace takarda da suna. Ranar Alhamis da la'asar, saura kwana biyu biki, na zuba baƙin mai da ruwa, na ɗaura batir, na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu. A na uku ta kama.

Jama'a, ƙarar nan! Tagogi suka ɗauki rawa, tantabarun maƙwabta suka watse, Hajara ta fito da ludayi a hannu, kuma na rantse na ga murmushi a fuskarta. Motar tana kan bulo a lokacin, don na cire tayoyin na kai a canza su da sababbi. Ina zaune a ciki na taka kuloci na sa giya ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk suna shiga sumul kamar cokali a man shanu. Har na ce wa Bala ya ji hannun gwani. Shi yana gaba riƙe da bokitin yashi saboda tsoron gobara, ni ina ciki ina sarauta, babu wanda ya zagaya baya ya duba komai.

Tayoyi ba su iso ba sai safiyar Asabar. Muka ɗaura su a gurguje. Ƙofar gidana ƙunci gare ta, ga kwata a gaba da katako biyu a kai, sai na ce kada a tayar da ita, a tura ta a hankali don kada fenti ya goge. Haka aka turo ta har ƙofar gidan Baba Ayuba. Ƙawayen amarya suka rufe ta da kintinkiri da balan-balan. Na shiga wanka, na fito cikin farar shadda da baƙin tabarau. Layinmu ya cika maƙil: 'yan'uwan amarya daga ƙauye, matan zumunta na coci da ankonsu, malaman makarantarmu, ɗalibaina, 'yan acaɓa da suka tsaya kallo. Kowa ya ɗaga waya. An ce faston cocinsu ba ya jiran kowa, ƙarfe goma ƙarfe goma ce, mu kuma saura kwata.

Rahila ta fito cikin farar riga, uwarta na share hawaye. Sai da mata uku suka taru kafin aka cusa jelar rigar cikin motar. Baba Ayuba, cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, ya yi addu'a, aka shafa. Na zauna, na gyara madubi, na murɗa makulli. Ta tashi da bugu ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, na ƙara taka totur sau biyu don na baya su ji. Na sa giya ɗaya, na ɗaga wa jama'a hannu, na saki kuloci a hankali.

Ba ta motsa ba.

Na duba birkin hannu, a sauke yake. Na ce a raina ƙila giyar ce ba ta shiga ba, na sake sawa, na ƙara wuta. Injin ya yi ruri, allurar gudu ta ɗaga ta nuna ashirin. Na leƙa ta taga, mai rake da ke gefena yana nan inda yake. Maimakon in kashe, sai wani shaiɗan ya ce mini in gwada ta biyu. Arba'in. Ta uku. Sittin. Hayaƙi ya turnuƙe matan zumunta, balan-balan biyu suka fashe, gumi ya jiƙe mini shadda. Na sa ta huɗu na take. Allura ta hau tamanin, mu kuma ko taku ɗaya ba mu yi ba. Guɗa ta mutu. Masu ɗaga mana hannun ban kwana har hannayensu suka gaji suka sauke.

Rahila ta dubi allurar, ta dubi ƙofar gidansu, ta juyo a hankali kamar yadda take tambaya a aji.

"Malam, mun kusa?"

Sai na ji an ƙwanƙwasa rufin motar. Baba Ayuba ne, ya yi mini alama in kashe. Ya cire hularsa ya miƙa wa matarsa, ya shimfiɗa wani kwali, ya durƙusa da kwat ɗinsa ya leƙa ƙarƙashi. Bai yi daƙiƙa biyar ba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Kowa ya zuba masa ido.

"Ticha, injinka lafiya lau. Giyarka ma lafiya lau, ka yi ƙoƙari. To amma wa zai kai wa tayoyin baya labari? Ina farfela?"

Farfela, ga wanda bai sani ba, doguwar sandar ƙarfe ce da ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa tayoyin baya. Ni na koyar da ita a aji, har da zane a allo. Na cire ta tun farkon aiki na jingine a lungu, da niyyar ita ce ta ƙarshe. Murnar tashin injin ta shafe ta daga kaina ƙaf.

Na ruga gida, babu ita a lungun. Na fito ina tambaya, sai Hajara ta nuna mini da leɓe. Can gefen layi, inda masu girkin biki suka kafa tukwane, an ɗaura tamfal don inuwa, kuma ginshiƙin tsakiya farfelata ce, an ɗaure ta da tsumma. Wai jiya suka zo aron sanda, ta ga ƙarfe a yashe ta ba su. Shugabar masu girkin ta ce in na taɓa shi kafin shinkafa ta nuna, ni da ita ne.

Ban san wanda ya fara dariya ba, amma na san har limamin unguwarmu sai da ya dafa bango. Saura minti biyar. Aka tare wani mai keke, irin mai ƙafa uku, da ya sauke buhunan ruwa, matan nan uku suka sake zaro jelar rigar daga motata suka cusa a keke. Amaryar da aka yi wata biyu ana shelar za ta tafi a motar tsere, haka ta tafi coci tana riƙe da ƙarfen keke, 'yan acaɓa na mata rakiya da oda. An ce da ƙafarta ta dama da ƙarfe goma tare suka shiga.

Ni ban je ba. Na zauna a kan dakali cikin shaddata ina jiran shinkafa ta nuna.

Da aka taso, Baba Ayuba bai wuce wurin liyafa ba sai da ya biyo. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bar wannan, in miƙo sifana mai lamba goma sha huɗu. Ya tuɓe kwat, muka shiga ƙasa tare, yana nunawa ina ɗaurewa. Ko rabin awa ba mu yi ba. A nan ya gano wasu kusoshi biyu na giyabos da ban ƙarasa ɗaurewa ba, ya ce da motar ta tafi da gudun da allura ta nuna, da wani zancen ake yi yanzu. Sannan ya shiga gefena ya ce mu je. Na saki kuloci, ta zabura kamar an tsikare ta, har kansa ya bugi kujera. Tsohon nan ya ƙyalƙyale da dariya ya ce in ƙara mata wuta. Gaskiya motar tana gudu. Sai dai a ranar mutum ɗaya ne ya shaida.

Ran Litinin na shiga aji na tarar an zana mota a allo, babu komai tsakanin gabanta da bayanta, an rubuta a ƙasa: Tamanin a Tsaye. Sunan ya bi ni har yau, har shugaban makaranta yakan kusa faɗa ya kama bakinsa. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka tara jama'a su ji ƙararka, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi tukuna. In kuma gwiwarka ba ta son ƙasa, ka kira wanda tasa ta saba.