Ranar da Iska Ta Tona Asirin Sanƙona

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a birnin Guangzhou, ranar da na kafa hula biyu a kaina na fita neman aure, na dawo masauki babu ko ɗaya a kan.

Bari in fara da abin da na fi jin nauyin faɗa: ina da sanƙo. Ba irin ɗan sanƙon nan na mutunci da ke leƙowa ta goshi ba. Nawa fili ne fetal tun daga goshi har ƙeya, sai ɗan gashin da ya rage gefe da gefe yana gadin kunnuwa. Ina shekara ashirin da huɗu ya fara, kafin in cika talatin ya gama aikinsa. Shi ya sa na zama mutumin hula. A Kano ba mai tambayar ka dalili, kowa ma da tasa. Da na zo China ina saro wa 'yan kasuwarmu takalma a manyan shagunan titin Zhanxi, sai hular ta zama tambarina. Zafin garin nan mai dafa mutum a tsaye, ni kuwa ina nan da zannata a ka, gumi na bin wuya. Masu shaguna suna hango ni za su ɗaga murya, "Lawban!", wato maigida, suna nuna hular suna murmushi.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Ramatu, 'yar Damagaram, mai karatun likita a wata jami'a ta garin. Takalman bikin yayarta ta zo nema, na raka ta shago-shago, daga nan kuma ban sake samun sukuni ba. Wata takwas muna gaisawa, muna waya, muna haɗuwa a tarukan ɗalibai, ban taɓa bari ta ga tsakiyar kaina ba. Na riga na yanke shawara zan nemi izininta in tura magabatana wajen iyayenta. Abin da ke hana ni barci ɗaya ne: ranar da za ta ga abin da ke ƙarƙashin hular nan.

Ramatu yarinya ce mai natsuwa, amma tana da wata hauka guda ɗaya, jirgin lilo. Wanda bai sani ba, wani ɗan jirgin ƙasa ne na wasa da ke bin dogon ƙarfe ya hau da mutane sama, ya sako su, ya juya su ƙafa sama kai ƙasa, su kuma su sauko suna murna. Har ƙungiya gare su, 'yan China da baƙi, ƙarƙashin wani tsohon injiniya da muke kira Malam Chen, mai yawo da ɗan littafi yana rubuta kowane jirgin da ya taɓa hawa. Al'adarsu ita ce su kewaya wuraren wasa su gwada jirage, da yamma Malam Chen da waɗanda ba Musulmi ba su zarce wani ƙaramin gidan giya da mai shi ke dafa giyarsa da hannunsa, wata da ɓawon lemo, wata da ganyen shayi (burkutu ce dai da ta yi boko). Su Ramatu kuma su shiga shagon taliyar Musulmin China da ke tsallaken titi. Duk sabon shiga, hoton hawansa na farko ake liƙawa a bangon gidan giyar. Wannan ƙa'idar ban ji ta ba sai da lokaci ya ƙure.

Ranar da ta gayyace ni, maimakon in ce ina da aiki, sai bakina ya riga hankalina.

"Haba Ramatu, ai ni tun ina yaro nake hawa."

Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Na taɓa hawa lilon katako na bikin Sallah a unguwarmu, wanda ƙato ɗaya ke turawa da hannu, kuma ko shi da kuka aka sauke ni.

Tsoron jirgin ma bai dame ni kamar wani labari da na samu ba, wai kafin a hau sai an cire hula da tabarau da duk abin da iska za ta iya ɗauka. Na kwana biyu ina tunani, har dabara ta faɗo mini, na ji kamar in tafa wa kaina. Zan sa farar hular saƙa, taɓa-ni-ka-ji-hadisi, mai kama kai tam, in ɗora zanna a kanta. Idan aka ce a cire, in ba da ta sama, ta ƙasa ta rufa mini asiri. Har gwaji na yi a gaban fanka, na ƙure ta, ina kaɗa kai hagu da dama. Hular ko motsi ba ta yi ba.

Wurin wasan ya cika maƙil. Kiɗa na tashi, yara na gudu da balan-balan, can sama kuma sai ka ji ihun mutane ya taso ya wuce. 'Yan ƙungiyar nan sai tsalle suke kamar an ba su kujerar Makka. Malam Chen, da furfurarsa da gajeren wandonsa, ya kama hannuna yana nuna wani jan dogo da ya miƙe sama har sai da na dafe hula kafin in ga ƙarshensa. Ramatu ta ɗaure hijabinta tsaf ta cusa bakinsa cikin riga, idanunta na ƙyalli.

"Wannan shi ne babbansu," in ji ta. "Tunda kai tsohon hannu ne, da shi za mu fara."

Na ce ai dama shi nake so.

Bayan kusan awa guda a layi muka iso dandamalin hawa. Wata budurwa ma'aikaciya mai rawayar riga ta nuna kaina. Na cire zanna da yanga, na ajiye a kan kantar ajiyar kaya, na juyo da farar hulata. Mutanen da ke bayana suka kwashe da dariya, wai mutum ya cire hula an sami wata hular. Ni ma na taya su, ina jin dabarata ta ci. Sai yarinyar ta sake nuna kaina.

Nan ne na tafka abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Yaren China nawa bai wuce na ciniki ba, don haka na zaro waya, na rubuta a manhajar fassara, na miƙa mata: "Addinina ya hana ni cire wannan hular."

Yarinyar nan ta karanta, fuskarta ta canja. Ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri, ta ruga ta yi magana da shugabanta, ta dawo ta roƙe ni in ja hular ta zauna sosai, ta raka ni har kujera cikin girmamawa. Na manta shaf cewa Ramatu na tsaye a kafaɗata, kuma tana karanta rubutun China kamar ruwa.

Aka danne mu da ƙarfe a ƙirji, jirgi ya fara hawa, ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Garin ya yi ta ƙanƙancewa a ƙasa. Wai don in nuna jarumta, na juya na ce, "Ramatu, ina da wata muhimmiyar magana da ke." Kafin ta amsa muka kai ƙololuwa, jirgin ya leƙa da mu bakin ramin ya tsaya cak, muna rataye muna kallon ƙasa.

Sai ya sake mu.

Jama'a, ni da na yi wa addini ƙage minti uku da suka wuce, sai ga ni ina kalmar shahada ta gaskiya da iya ƙarfin maƙogwarona. Na kira Inna. Na kira kakata da ta rasu tun ina firamare. Na roƙi gafarar duk wanda na taɓa sayar wa takalmi ya matse shi. Ramatu a gefena hannuwa sama tana shewa. A juyi na farko, muna ƙafa sama, na ji wani sanyi mai daɗi ya sauka a tsakiyar kaina, irin wanda na shekara bakwai ban ji a waje ba. Ko da ban taɓa ba na san an gama da ni. Fankar ɗakina ta yaudare ni.

Da jirgin ya tsaya na kasa tashi. Ina zaune hannu biyu a ka, sai ga Malam Chen, wanda kujerarsa ke bayan tawa, ya taho da hulata. Ashe a fuskarsa ta sauka, rabin tafiyar a makance ya yi ta. Ya miƙo mini ita da hannu biyu yadda suke yi in za su girmama mutum, na sauke hannuwana don in karɓa, ya dubi kaina, ya daɗe yana duba, sannan ya ce cikin tausayi, "Lawban... meyo." Meyo ita ce kalmar da masu shago ke faɗa mini idan kaya sun ƙare, babu ko ɗaya.

A bakin fita akwai babban allo da ke nuna hotunan da aka ɗauke mu muna faɗowa. Ga ni nan a tsakiya, baki buɗe har ana hango ganɗa, hawaye na gudu zuwa kunne, sanƙona ya kama hasken rana yana walƙiya kamar sabon faranti. A bayana ga dattijo da farar hula manne a fuska. 'Yan ƙungiya suka yi ta buga ƙafa, wani har da kwanciya a benci. Ramatu ta yi dariya har ta durƙusa tana riƙe ciki. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, wata takwas sun tafi a iska tare da hula.

Da ta samu numfashi ta ja ni gefe, ta fara da ɗan Faransancinsu na Damagaram.

"Bon, Malam, sanƙon ne kake ɓoyewa? Tun watan farko na sani."

"Kin sani? Wa ya gaya miki?"

"Kai ka gaya mini. Duk taron da muka yi, maza na alwala a fili su ture hula su shafi kai, kai sai ka shige bayi ka kulle ƙofa. Na ce ko sanƙo ko makero. Na yi ta addu'a Allah ya sa sanƙo ne."

Na fara washe baki, sai na ga ta daina murmushi.

"Sanƙo halitta ce, babana ma yana da shi. Amma yarinyar can ka sa ta ba ka haƙuri a kan ƙarya, kuma da sunan addini. Gobe duk Musulmin da ta gani, abin da ka faɗa mata za ta ɗauka. Ni ba na iya zama da mutumin da zai jingina kunyarsa a jikin addini. Ka koma ka gaya mata gaskiya."

Wallahi maganar ta fi faɗowar jirgin yi mini ciwo, don na san gaskiya ta faɗa. Na tambayi mai gadin ƙofar fita ko zan iya komawa, ya girgiza kai ya nuna mini layi. Hanyar zuwa wajen yarinyar ɗaya ce tak.

Haka na sake bin layin nan na awa guda, hulunan biyu a aljihu, kai a buɗe, rana na gasa wurin da ba ta taɓa sani ba, Ramatu na bayana. Da muka iso na rubuta a waya: "Ɗazu ƙarya na yi miki. Addinina bai hana cire hula ba. Sanƙo nake ɓoyewa. Ki yafe mini." Ta karanta, ta dubi kaina, ta toshe baki da hannu kafaɗunta na rawa. Don ta nuna ta yafe, sai ta yi mini babbar karramawa irin ta gidan: ta buɗe mana kujerar gaba.

Ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Muna isa ƙololuwa, jirgin ya rataye mu a bakin rami, Ramatu ta juyo hankalinta kwance.

"Wace magana ce ɗazu ka ce kana da ita?"

Jirgin ya sake mu daidai lokacin da na buɗe baki, don haka duk Guangzhou ta ji ni: "In turo magabataaaa?"

Sai da muka tsaya, ina haki, ta gyara hijabinta ta ce, "Turo su."

Da yamma Malam Chen ya shiga gidan giyarsu da hoton farko da farar hulata, wadda ya roƙa na bar masa. Ta gilashin shagon taliya na hango shi yana liƙa su a bango, shi da abokansa duka suka ɗago kofunansu masu kumfa suna nuno ni, ni ma na ɗaga musu kofin ruwan rake. Ni da ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, yau ga hotona da hular ustazai rataye a gidan giya a China, kuma an ce masu zuwa har tambaya suke wane ne.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ɓoye abu, kada ka gwada shi da fanka, kuma kada ka ɓoye wa ɗalibar likita. Yanzu ina sa hula ranar Juma'a da ranar biki. Sauran ranaku, in za mu fita, matata Ramatu ce ke bi na da man kare rana tana cewa in sunkuyo.