Yadda Za Ki Zaɓi Hanyar Cire Gashi da Ƙafar Mijinki

'Yar'uwa, kina son rabuwa da gashin hannu, amma tsoron ƙuna da ƙuraje ya hana ki? Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na yi miki alkawari ko ƙwarzane ɗaya ba zai taɓa fatarki ba. Ƙanwata ta bi su tsaf, har yau jikinta sumul.

1. Yarda da masana

Sun ce kafin a shafa komai a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Gaskiyarsu ce. Sai dai mai hankali ba ta gwaji a jikin da take son tsarewa.

2. Nemo fili

Ba sai kin je nesa ba. Mijin ƙanwata malamin motsa jiki ne, aikinsa cikin gajeren wando gaban ɗalibai ɗari uku, ƙaurinsa kuwa gashi cunkus kamar buroshin takalmi. Ran Litinin makarantarsu za ta yi gasar tsere, shi zai busa usur gaban iyaye. Bawan Allah, wata guda yana goge takalminsa saboda ranar. Ita kuma Asabar ce kaɗai take da sarari.

3. Roƙa da ladabi

Bari sai ya ci ya ƙoshi, ƙwallo ta ɗauki hankalinsa. Haka ƙanwata ta yi.

"Baban yara, ara min ƙafarka minti biyar."

"Me za ki yi da ita?"

"Ba inda za ta je."

Ya miƙo ta, idonsa na kan talabijin. Miji na ƙwarai ke nan.

4. Raba fili gida huɗu

Ɗauki biro ki ja layi. Gida ɗaya na reza, ɗaya na man cire gashi, ɗaya na hantsaki, na ƙarshe na halawa, wato narkakken sukarin nan da ake liƙawa a fizge. Kada ki yi dogon bayani, bayani yana sa ƙafa ta janye.

5. Lura da sakamako

Reza ba ta da hayaniya, jini kawai take fitarwa. Mai kuwa, kwali ya ce minti biyar, amma girki ya kama a tukunya, ƙanwata ba ta dawo ba sai bayan minti ashirin. Ta tarar da shi yana fifita wurin da murfin kwano.

Hantsaki ya tsaya a gashi na uku, saboda Malam ya fara ambaton mahaifiyarsa. Da aka fizge halawa, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko rasuwa aka yi.

6. Jira kwana biyu

Fata ba ta faɗin ra'ayinta nan take. Safiyar Litinin wani gida ya yi ja, wani ya kumbura, wani yana sheƙi, sauran daji. Malam ya zura dogon wando. Shugaban makaranta ya tare shi a bakin fili, ya ce ko kusa, ranar gasa kowa da kayan aikinsa.

Haka ya fito cikin gajeren wando. Sau uku yana busa usur ba wanda ya ruga, duk masu tseren sun duƙa suna kallon ƙafarsa. Kafin a tashi, yara sun raɗa masa Taswira.

7. Karɓi hukunci

Ƙanwata ta kira ni tana kuka. "Yaya, yau na kashe aurena da hannuna!" Wallahi ni ma na tausaya masa, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Ya dawo, ya ajiye usur, ya zauna. Can ya naɗe wando, ya miƙo ɗaya ƙafar.

"Zo ki ƙarasa, Maman yara. Idan za a yi min dariya, a yi min da ƙafa biyu iri ɗaya. Ke dai kada ki kuskura ki sa man nan a jikinki."

A kula: Ni shawara na bayar, ban riƙe ƙafar kowa ba. Ƙuna, kumburi, sabon suna ko zaman sulhu a gidan surukai, duk babu ruwana. Idan naki mijin bai kai na ƙanwata haƙuri ba, ba ki san ni ba, ban san ki ba.