Rasuwar 'Yar Lele, Motar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da babu komai a cikinsa, Malam, malamin firamare, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, 'Yar Lele. Ta cika ranar Asabar da hantsi, bayan doguwar jinyar da ta fara tun ranar da ya saye ta.

Marigayiyar mai kunya ce, ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba. Ga kyauta: duk albashin da ya shigo hannun Malam, kafin sati ta rabar wa jama'a. Kullum da safe takan gaishe shi da "kirr, kirr, tuf," sannan ta yi shiru tana jiran a tura ta.

Saboda wannan lalura Malam ya daina zuwa duk gidan da babu gangara a ƙofarsa. Gidan mahaifiyarsa, Inna, kuwa a cikin kwari yake, shi kuma a ganinsa mai mota ba ya shiga motar haya. Wata bakwai bai taka gidan ba. Ranar Asabar tsohuwar ta aiko a tuna masa cewa ita ta haife shi, ba motar ba. Kunya ta kama shi, ya kama hanya. 'Yar Lele ta kai shi har ƙofa, ta yi tari uku, ta zubar da baƙin mai, shi ke nan. Maza takwas suka tura, ko motsi.

Ta rasu ta bar bakanike, wanda ta yi wa rufin gida, ya kuma fi kowa kuka. Ta bar mai faci. Ta bar matar Malam, wadda keken ɗinkinta ya tafi a gyaran giyar motar, tun da ta ji labarin kuma take dariya. An ce firgici ne.

An sa jana'iza ranar Litinin. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da sikelinsa, Inna ta fito masa da tsintsiya.

"Ba inda za ta," in ji ta. "Tun da ta mutu a nan, kullum da yamma sai mai ita ya zo ya buɗe mata baki ya leƙa. Ni kuma ina ganin ɗana."

Don haka an ɗage jana'iza sai abin da hali ya yi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Inna bayan la'asar. Ta ce a faɗa wa masu zuwa, kada wanda ya zo mata da bakanike.