Lambar da Na Raba Kamar Naman Suna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Madam Rifkatu ta zo gidana ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba.

Shekara da shekaru ina buga tafireta a wani ofis a nan Kazaure, har kwamfuta ta zo aka ce mu je gida mu huta. Waɗanda suka gaje mu ko bugu da yatsa goma ba su iya ba, amma suna da takardar makaranta, ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Da haushin wannan na sayi tsofaffin kwamfutoci uku, na jera a shagon zaurena ina buga wa mutane takardu.

Abu ɗaya nake taƙama da shi. Kowa a garin nan manhajar sata yake ɗora wa kwamfutarsa, ni kuwa har Kano na je na sayo lasisin babbar manhajar, wadda in babu ita kwamfuta akwati ce kawai. Ɗan kati ne mai jerin lambobi. Mai shagon ya ce, "Baba, na kwamfuta ɗaya ne fa." Na ce to. (A raina na ce wayon 'yan kasuwa ne, so yake in sayi uku.) Na dawo na zuba lambar a duka ukun.

Sai ƙanena na Ɓaɓura ya bugo waya. "Yaya, an ce ka samo ta asali. A sammana mana." Ta ina zan hana? Uwa ɗaya uba ɗaya. Na karanto masa. Surukina na Gwiwa ma ya nema, kuma ba a ce wa suruki babu alhali akwai. Daga baya na ji ƙanen nawa ya ba wani abokin cinikinsa na Nijar. Ni dai gani nake abin ba ya raguwa, kamar a ɗebi wuta a murhun maƙwabci.

Madam Rifkatu ita ce shugabar wata makarantar kuɗi, mutuniyar Filato ce amma ta tsufa a cikinmu. Tana neman wanda zai riƙa buga mata tambayoyin jarrabawa duk zango. Aikin da zai riƙe gidana ke nan, kuma ina bukatarsa ƙwarai. Na riga na cika mata baki cewa ni kaɗai ne ba na aiki da kayan sata.

Ta zauna, na kunna babbar kwamfutar. Hoton dutsen da na sa a fuskarta ya ɓace, ko'ina baƙi ƙirin, ga wani rubutun Turanci a kusurwa. Na matsar da kujerata na kare shi da kafaɗa. (Mai shekara hamsin da 'yan kai, yana ɓoye rubutu kamar ɗan firamare.)

"Malam, ɗan gusa in gani." Ta gyara tabarau. "Cewa take lasisin nan ba ya aiki, an yi amfani da shi fiye da ƙima."

"Wallahi sayensa na yi, Madam! Ga katin."

Ta juya katin. "Na yarda. Wa ka ba lambar?"

Na fara lissafi da yatsa. Da na kai Nijar sai ta yi dariya, ba ta mugunta ba, wadda ta fi ciwo.

"Malam, ban ce kai ɓarawo ba ne. Mutumin kirki ne kai, shi ne matsalar. 'Yar surukin naka tana aji biyu a wurina. Ranar da ya bugo ya ce a samma masa tambayoyin lissafi, me za ka ce?"

Na buɗe baki in rantse. Sai na tsaya, domin na san amsar, ita ma ta sani.

Aikin ya tafi wurin wani mai shagon buga takardu a bakin tasha, mai manhajar sata, wanda ko gaisuwar kirki ba ya amsawa. An ce ko matarsa ba ta san abin da yake bugawa ba.

Na daɗe ina zagin masu manhajar, mutanen da ba su san zumunci ba. Har yanzu ban gama huce musu ba. Amma na koma Kano na sayo lasisi ɗaya, na kwamfuta ɗaya, sauran biyun na lulluɓe su da zani. Wancan makon ƙanena ya sake bugowa. "Yaya, an ce ka sayo sabuwa."

Na ce, "Ba na jin ka sosai." Cewa a'a dai har yau ban iya ba. Kashe waya na koya.