Rasuwar Kartar Dodanni ta Rilwanun Karare

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, majalisar teburin shayin Ɗanjummai da ke kasuwar Batsari na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kartar Dodanni, 'yar lelen Malam Rilwanu, manomin gyaɗa daga Karare. Ta cika a gindin rumbun gero, a tsakiyar daminar bana, babu kowa a kanta.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Mahaifinta shi ne Yaƙin Dodanni, wasan nan na cikin waya da ya cinye wa samarin yankinmu caji da natsuwa. Da masu ƙirƙirar wasan suka so su fito da dodannin daga gilashin waya zuwa takarda, sai suka nemi karo-karo ta intanet, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Shi ya sa marigayiya ta taso da kawunnai a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. Rilwanu da amininsa Yohanna, ɗan acaɓa daga Tsaskiya, suka haɗa nasu suka tura. Sai naƙuda ta yi tsawo. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, ana ta aiko saƙon ban haƙuri, har 'yan kasuwa suka koma gaishe su da "ya aka ji da damfara?" Ranar da ta iso a motar Katsina cikin kwali mai sheƙi, Rilwanu bai bar kowa ya taɓa ta ba sai ya wanke hannu da sabulu.

Halinta kuwa, sai dai a ce madalla. Ba ta taɓa neman caji ba, ba ta taɓa cewa sai an hau tudu neman sabis ba. Lokacin da aka katse layukan waya a yankin nan, mahaifinta ya sume a aljihun kowa, ita ce ta riƙe majalisa. Wasu dattawa sun yi mata kallon 'yar caca, amma Allah shaida ko kwabo ba a taɓa zubawa a kanta ba. Da ƙwayar gyaɗa ake lissafin ran jarumai, wanda ya yi nasara ya watsa a baki. Muryarta biyu ce kacal: farrr idan ana cakuɗa ta, da tas idan Rilwanu ya maka katin Kura Mai Sulke a kan benci.

Babban aikin da ta yi a duniya shi ne riƙe mutum ɗaya a ƙasar nan. Tun da hanya ta lalace da masu tare mutane, Esther matar Yohanna ta matsa su koma Zariya wurin yayanta. A gaban majalisa ta tsare shi: "Baban Baiwa, yaushe za mu tashi?" Shi kuma ya ɗaga kati ya ce, "Ranar da na ci Rilwanu sau ɗaya, ki ɗaure kaya." Ta yarda, don ta zaci abin ba zai wuce mako biyu ba. To, ba ta san mijinta ba. Duk ranar kasuwa ya zo, ya zauna, a lallasa shi, ya koma gida. Rilwanu kuwa ya fahimci cewa ranar da ya faɗi, ranar zai rasa abokinsa, don haka yake wasa kamar mai tsaron gona, ko dariya ba ya yi.

Ciwon ajali ya fara ne a farkon damina. Rannan katuna masu kyau suka taru a hannun Yohanna, gyaɗar Rilwanu ta kusa ƙarewa, sai hadari ya taso aka watse. Rilwanu ya tattara ta ya koma Karare. Ya naɗe marigayiya a takardar siminti, ya tura ta ƙarƙashin rumbu, ya riƙa zuwa kasuwa hannu wofi yana cewa danshi ya kama ta, tana jinya. Dabararsa ita ce, wasan da ba a ƙarasa ba ai ba a ci kowa ba. Abin da ya manta shi ne gara ba ta san da wannan shiri ba. Da Yohanna ya dame shi da tambayar mai jiki, ya je dubawa, sai ya tarar da dodannin da suka gagari jarumai sun zama jar ƙasa.

Ta rasu ta bar robar da ake ɗaure ta da ita, da ɗan littafin dokoki na Turanci wanda ita kanta garar ta kai rabi ta haƙura, da Kura Mai Sulke, wadda ta tsira da sulken amma babu kai. Ta bar Ɗanjummai da benci babu kowa. Ba za a samu ƙanwarta ba, domin bugu ɗaya aka yi don waɗanda suka yi karo-karo. Esther ta aiko da ta'aziyya mai ratsa zuciya, tare da tambayar ko akwai mai sayen akuya biyu da injin markaɗe, tunda hujjar zaman mijinta ta ƙare.

Majalisa na godiya ga Yohanna, wanda ya taka har Karare don yin gaisuwa. Ya daɗe yana kallon ƙasar da aka kwaso a faifai, sannan ya ce, "Mutumina, me ya sa ka ɓoye ta?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Za ka ci ni ne rannan."

"Ni?" in ji Yohanna. "Da ka bari ai da na faɗi kamar kullum. Ka san wahalar da nake sha kafin in faɗi a hannunka? Wallahi ba ka iya wasan nan ba ko kaɗan."

Tun daga lokacin Rilwanu bai ci abincin kirki ba. Kewa ce ke damunsa, ga kuma haushin kansa.

Za a binne marigayiya ranar kasuwa mai zuwa da hantsi, a bayan tashar mota. Liman ya ce a cire sunansa daga lamarin. An zaɓi wurin ne saboda a nan motar da za ta kwashi kayan Yohanna da iyalinsa za ta tsaya, kuma ya yi alkawarin ba zai hau ba sai an rufe rami. Don haka mai makoki, Malam Rilwanu, na roƙon duk wanda zai halarta da kada ya zo da fartanya ko shebur. Shi kaɗai zai haƙa, da cokalin shayi.